Sharhi kan hidimar maganaɗisu da horar da ƙwaƙwalwa ga mai sikizofireniya a wata cibiya a Jidda

Cibiyar da nake sharhi a kanta ta masu zaman kansu ce, tana arewacin Jidda, kuma hidimar da take tallatawa ga iyalan masu fama da cutar sikizofireniya, wadda likitoci a nan suke kira fisam, ta ƙunshi abubuwa biyu da aka haɗa cikin farashi guda: motsa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, wato abin da aka fi sani da TMS, da kuma horar da tunani ta kwamfuta a ƙarƙashin kulawar ma'aikaciya. Ƙanina ne ya yi wannan shiri, ni kuma nake kai shi daga Makka, saboda haka abin da zan faɗa ya fito ne daga kujerar mai rakiya da kuma karatun da na yi kafin mu biya kuɗi da bayan mun biya. Hukuncina a taƙaice shi ne, rabin da ya fi arha, wanda takardar tallar ta ba layi biyu kacal, shi ne ya cancanci kuɗinsa, rabin da ya fi tsada kuwa ana sayar da shi da tabbacin da binciken kimiyya bai kai gare shi ba tukuna.

Dole a fahimci abin da ke tura iyali zuwa irin wannan wuri. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 24 ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya, kusan mutum ɗaya cikin 300, kuma tun daga 1952, lokacin da aka fara gwada maganin da aka sani da Largactil a wani asibiti a Faris, magunguna sun yi tasiri sosai wajen kwantar da jin muryoyi da zarge-zarge marasa tushe. Abin da ba su iya gyarawa yadda ya kamata ba shi ne raunin da cutar ke jawowa ga natsuwa, da riƙe magana a ka, da saurin fahimta, da iya tsara aiki daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Wani mai bincike Ba'amurke, Michael Green, ya nuna tun a 1996 cewa wannan raunin ya fi tsananin muryoyi nuna ko mutum zai iya riƙe aiki da zaman jama'a. Duk gidan da ke da irin wannan majinyaci ya san haka ba sai an karanta masa ba, domin bayan hankali ya kwanta an daina tashin dare, sai a ga saurayin da a da yake riƙe lissafin shago da ka ya kasa tuna abubuwa uku da aka aike shi ya sayo, 'yan uwa kuma su fara cewa lalaci ne, alhali kuwa cutar ce take ci gaba da aikinta ta wata fuskar.

Karɓar farko ta burge ni, kuma ba zan rage wa cibiyar wannan yabo ba. Likitan ya nemi rahoton asibitin da ke kula da ƙanina, ya tambayi ko ya taɓa farfaɗiya, ko akwai ƙarfe a kansa ko na'ura a ƙirjinsa, ya rubuta sunan kowane magani da adadinsa, sannan ya faɗa a fili, a gaban mahaifiyarmu, cewa babu wani abu a cikin wannan shiri da zai maye gurbin magani. Wannan magana tana da nauyi a cikin al'ummarmu, domin akwai gidaje da dama a unguwannin Shari'a Mansur da Misfala na Makka da suka gaji da ƙibar da magungunan ke jawowa da yawan barci, suna neman duk wata ƙofa da za ta ba su hujjar ajiye ƙwayoyin. Da Hajiya ta tambaye shi, "Daktur, to ruƙiyyar da ake yi masa fa, a daina?", sai ya amsa mata cikin ladabi cewa karatun Alƙur'ani da addu'a ba su taɓa hana magani aiki ba, sharaɗi dai kada mai ruƙiyya ya ce a bar ƙwaya, kada kuma a doki majinyaci ko a shaƙe shi da sunan korar aljani. Bayan haka aka yi wa ƙanina gwajin tunani mai tsawo, na riƙe kalmomi da bin jerin lambobi da saurin haɗa alamomi, aka ce da shi za a gwada sakamakon ƙarshe.

Ita na'urar maganaɗisun ba sabuwa ba ce. Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna ta a Sheffield ta Ingila a 1985, kuma yadda take aiki ba shi da wuyar bayani: ana ɗora wani naɗaɗɗen waya mai siffar lamba 8 a kan fatar kai, a saki lantarki mai ƙarfi a cikinsa na ɗan ƙiftawar ido, sai ya haifar da maganaɗisun da ke ratsa ƙashin kai ya tayar da jijiyoyin da ke saman ƙwaƙwalwa. Ba a sa mutum barci, ba a kuma tayar masa da farfaɗiya da gangan, wanda shi ne bambancinta da tsohon maganin jan lantarki da aka fara a Rum a 1938. A zaman farko ana laluben wurin da ke motsa babban yatsa, a ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan har yatsan ya zabura, daga nan ne ake sanin ƙarfin da ya dace da mutumin. Ƙanina an ɗora masa a gefen hagu na kai, saman kunne ta baya, inda ƙwaƙwalwa ke sarrafa jin magana, ana bugawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa, domin bugu a hankali irin wannan ana ganin yana rage zumuɗin wurin. Na'urar tana da ƙara, don haka ana toshe kunne, kuma ya yi ƙorafin ciwon kai da zafin fata a kwanakin farko, daga baya ya saba. Ɗakin tsaf yake, ma'aikacin bai taɓa barinsa shi kaɗai ba, kuma ba a taɓa sa mu jira fiye da kima ba.

Matsalata da takardar tallar ce. An rubuta a cikinta da manyan haruffa cewa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar, kuma gaskiya ne ta amince, amma ga ciwon damuwa mai tsanani ne a 2008, sai ciwon waswasi a 2018, sai taimakon masu son barin sigari a 2020. Ba ta amince da ita a matsayin maganin sikizofireniya ba, kuma mai karatun da bai san wannan ba zai ɗauka cewa amincewar ta shafi cutar da ta kawo shi. Tarihin binciken kansa yana buƙatar a faɗe shi yadda yake. Ralph Hoffman na Jami'ar Yale ne ya fara ba da rahoto, wajajen 1999 da 2000, cewa bugun maganaɗisu a hankali a wannan gefe na kai yana rage muryoyi ga wasu majinyatan da magani bai wadatar da su ba, kuma ƙananan gwaje-gwajen da suka biyo baya sun ƙarfafa zato. Da aka fara yin gwaje-gwaje masu yawan mutane, ana kwatanta na'urar gaske da ta bogi wadda take ƙara amma ba ta isa ƙwaƙwalwa, sai tazarar ta yi ta raguwa, har wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan aka buga a 2011 bai sami bambanci ba. A ɓangaren janyewa daga mutane da mutuwar jiki da ƙarancin magana kuwa, wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Jamus, aka buga a 2015, ya raba majinyata 175 gida biyu, ya yi musu bugu mai sauri a gaban kai ta hagu na tsawon mako uku, kuma dukan ɓangarorin biyu sun ɗan samu sauƙi ba tare da na'urar gaske ta fi ta bogi ba. Akwai wasu binciken da suka sami amfani, saboda haka ba a rufe babin ba, amma adalcin magana shi ne a ce wa iyali abu ne da ake kan gwadawa, yana iya taimaka wa wasu, kuma ba a san tun farko waɗanda zai taimaka wa ba. Da na tambayi likitan kai tsaye, ya amsa mini kusan da waɗannan kalmomi, wanda ya nuna cewa ya san gaskiyar, sai dai wanda bai tambaya ba da takardar talla zai koma gida.

Abin da muka gani a gida bai saɓa wa wannan ba. A tsakiyar shirin ƙanina ya ce mini, "Yaya, sun yi nisa yanzu, kamar a ɗakin maƙwabta suke magana," kuma mun yi murna ƙwarai. Wannan sauƙi ya ɗore wasu makonni bayan an gama, sannan muryoyin suka dawo kusa da yadda suke a da, sai cibiyar ta ba da shawarar a riƙa zuwa zaman ƙari lokaci-lokaci, kowane zama da kuɗinsa. Ba zan iya rantsewa cewa maganaɗisun ne ya kawo sauƙin ba, domin a daidai wannan lokaci ne ya fara tashi da asuba kullum, yana wanka, yana fita daga gida daga Lahadi zuwa Alhamis, yana ganin mutanen da ke gaishe shi da sunansa, kuma duk wanda ya san cutar ya san cewa waɗannan kaɗai suna iya sauya yanayin majinyaci. Dalilin da ya sa masu bincike suke wahalar da kansu da na'urar bogi ke nan.

An kuma yi mana tayin ƙarin wata hanya, ta raunannen lantarki da ake ratsawa tsakanin soso biyu masu jiƙe da ruwan gishiri a kan kai. Tushenta a wannan cuta wani gwaji ne da aka yi a Liyon ta Faransa a 2012 kan mutum 30, inda muryoyi suka ragu da kusan kashi 31 cikin ɗari bayan zama biyu a rana na kwana biyar, da wani na mutum 100 a Sawo Fawulo ta Barazil da aka buga a 2020 kan alamomin janyewa. Gwaje-gwajen da suka nemi maimaita sakamakon farko ba duka suka dace ba, saboda haka muka ce a dakata.

Horar da tunani kuwa wani abu ne dabam, kuma a nan ne na ga aikin da zan iya nunawa da yatsa. Ana yin zaman a ƙaramin ɗaki, majinyaci a gaban kwamfuta, ma'aikaciyar halayyar ɗan'adam a gefensa, kuma darussan suna farawa da sauƙi suna ƙara wuya gwargwadon yadda yake cin su: riƙe jerin abubuwa, gano alama a cikin tarin makamantanta, sauya ƙa'ida a tsakiyar aiki, tsara matakai. Da kwamfutar kaɗai ce, da ban ga abin yabo ba. Abin da ya ba shirin daraja shi ne ma'aikaciyar, wadda ƙanina yake kira Ustaza, domin ba ta barin darasi ya wuce sai ta tambaye shi ta yaya ya tuna, wace dabara ya bi, kuma a ina wannan dabara za ta yi masa amfani a wajen ɗakin. Ta koya masa ya riƙa tara abubuwa gida-gida kafin ya haddace su, kayan miya a gefe guda, kayan wanki a gefe guda, ya riƙa faɗa wa kansa matakan aiki a hankali kafin ya fara, ya kuma riƙa tsayawa a tsakiya ya duba ko har yanzu yana kan abin da ya sa gaba. Sannan kowane mako tana ba shi aikin gida na zahiri: ya je baƙala, wato ƙaramin shagon unguwa, da jerin sayayya a ka, ya buɗe manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya ya nemi ranar ganin likita da kansa, ya hau jirgin ƙasan Haramain daga Makka zuwa Jidda yana riƙe da tikitinsa da lokacinsa ba tare da na tuna masa ba. In ya kasa, ba ta ce ya yi kuskure, sai su warware abin tare su ga a wane mataki zaren ya tsinke.

Wannan salo ya yi daidai da abin da bincike ya tabbatar, kuma hujjar da ke bayansa ta fi ta maganaɗisu kauri nesa ba kusa ba. Til Wykes ta Kwalejin King's da ke Landan da abokan aikinta sun tattara gwaje-gwaje 40 masu mutum 2,104 a 2011, suka sami ci gaba matsakaici a ƙarfin tunani, wanda ya fi fitowa a rayuwar yau da kullum idan an haɗa horon da sauran ayyukan farfaɗo da majinyaci. A 2021 Antonio Vita na Italiya da tawagarsa suka tattara gwaje-gwaje 130 masu mutum 8,851, suka sami amfani ƙarami zuwa matsakaici, suka kuma ware abubuwan da ke sa shirin ya yi aiki, wato ƙwararren ma'aikaci da ke shiga cikin zaman da gaske, da koyar da dabarun tunani a tsare, da haɗa horon da shirin komawa aiki ko karatu ko zaman jama'a. Ya kamata a lura da kalmar ƙarami zuwa matsakaici, domin babu wanda ya yi alkawarin warkewa. Ƙanina bai koma yadda yake kafin cutar ba, amma yanzu yana zama a shagon kawunmu da rana yana karɓar saƙon masu saye ta waya yana rubutawa daidai, kuma Hajiya ta daina bin sa da tuni a kan maganin dare.

Manhajar kwamfutar ita ce raunin wannan ɓangare. Umarninta da Larabcin littafi ne, wanda bai dami ƙanina ba tunda a nan aka haife shi ya yi makaranta, amma dattijon da ya zo daga Kano ko Damagaram da girmansa, wanda Larabcinsa na kasuwa ne, zai sha wuya, kuma gwajin riƙe kalmomi da aka yi wa mutum da harshen da ba shi ne na tunaninsa ba yana iya nuna shi da rauni fiye da yadda yake. Babu ko darasi ɗaya da Hausa, ma'aikatan kuma ba su da mai jin ta. Wasu darussan saurare ma ba a fassara su ba, an bar su da sautukan Turanci. Sannan manhajar tana cika allo da maki da taurari, wanda ke sa iyali su ɗauka cewa hauhawar maki ita ce samun lafiya, alhali mutum yana iya ƙwarewa a wasan kwamfuta ba tare da komai ya sauya a rayuwarsa ba. Wani gwajin da aka yi a cibiyoyi da dama a Amurka, aka buga a 2019, ya kwatanta irin wannan horon kwamfuta da wasannin kwamfuta na yau da kullum ga masu sikizofireniya, bai kuma sami fifikon da ake fata ba, ko da yake ƙaramin gwajin da Sophia Vinogradov da abokanta suka yi a 2009, na awa 50 na horon saurare, ya ba da sakamako mai kyau. A 2016 ma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar wasannin horar da ƙwaƙwalwa ta Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda tallan da ya wuce hujjarsa. Don haka da cibiyar ta yi mana tayin sayen rajistar manhajar mu ci gaba a gida ba tare da Ustaza ba, ban ga dalilin karɓa ba.

Akwai wasu kurakurai da suka shafi tafiyar da cibiyar. Mafi girmansu shi ne haɗa hidimomin biyu a farashi guda, ta yadda sai da na yi ta ciniki kafin a yarda a raba mini lissafin, kuma da aka raba sai na ga kuɗin maganaɗisu ne ya cinye mafi yawan abin da muka biya, inshorar ƙanina kuma ba ta ɗauki wannan ɓangare ba. Na biyu, Ustaza ta tafi hutu a tsakiyar shirin, wanda ya maye gurbinta kuma ya zauna yana duba wayarsa yayin da ƙanina yake ta danna kwamfuta, kuma a waɗannan makonni aikin gida ya tsaya cak, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa darajar hidimar tana hannun mutumin da ke gefen kujera. Na uku, ba a ware wa iyali zama ko ɗaya ba, alhali wayar da kan iyali yana cikin abubuwan da aka daɗe da sanin suna rage komawar cutar, kuma mu ne muke tare da majinyaci sauran sa'o'in yini. Rahoton ƙarshe shafi ɗaya ne mai cike da lambobi, ba a tura shi ga likitan da ke rubuta masa magani ba sai da na kai da hannuna. Zirga-zirgar Makka zuwa Jidda kwana biyar a mako kuma ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai aikin albashi, kuma ya kamata a lissafa ta cikin kuɗin tun farko.

Ga wanda yake tunanin zuwa irin wannan cibiya, shawarata ita ce ya fara da likitan da ke kula da majinyacin, ya tambaye shi ko an gwada magungunan da suka kamata da adadin da ya kamata, musamman kulozafin, wanda tun gwajin John Kane na 1988 aka san shi ne mafi tasiri ga wanda wasu magunguna biyu suka gaza a kansa, ko da yake yana buƙatar gwajin jini a kai a kai. Wanda yake shan kulozafin kuma dole ya sanar da masu maganaɗisu, domin maganin yana ƙara yiwuwar farfaɗiya, wadda ita ce haɗarin na'urar mafi tsanani duk da ƙarancin aukuwarta. Idan muryoyi sun ƙi ji duk da wannan, kuma iyali suna da hali, gwada maganaɗisu ba wauta ba ce, muddin an amince tun farko a kan yawan zaman da za a yi da ma'aunin da za a duba a yanke hukuncin ci gaba ko tsayawa. Wanda kuɗinsa bai isa duka biyun ba, ya zaɓi horon, ya kuma tambaya kafin ya biya ko ma'aikaci zai zauna tare da majinyaci a kowane zama, ko shi ɗin ne zai ci gaba har ƙarshe, ko akwai aikin gida da ya shafi sana'a ko karatu, sannan ya duba lasisinsa a shafin Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya. Ɗan ƙasa ya fara tambaya a asibitocin Irada na gwamnati, masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ko suna da sashen farfaɗo da majinyata kafin ya nufi masu zaman kansu, baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ya nemi kamfanin inshorarsa ya rubuta masa abin da zai biya da abin da ba zai biya ba, kuma lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana amsa tambaya dare da rana. Mu dai mun sabunta rajistar horon na wasu watanni bisa sharaɗin Ustaza ce za ta ci gaba da shi, zaman ƙarin maganaɗisu kuwa mun ajiye shi sai likitansa ya sake duba maganinsa.